Yadda Ake Gwada Rigar Ciki da Safar Ulun Merino Kafin Shiga Wasannin Sanyi

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Kanada, Rasha, Jamus ko Norwe, ya ce zai ci gaba da gudu ko tuƙa keke a lokacin dusar ƙanƙara, ko kuma yana shirin hawan Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895, zai tarar cewa abin da ya fi jawo masa rawar ɗari shi ne zufar jikinsa. Mutum yana gudu jiki na fitar da gumi, rigar da ke manne da fata ta jiƙe, da ya tsaya sai iska ta bi ta kan damshin ta kwashe ɗumin jiki, kamar yadda raɓar jikin randa ke sanyaya ruwan cikinta. Ruwa yana ɗauke zafi kusan ninki 25 fiye da iska. Shi ya sa ba a sa singiletin auduga a irin wannan wuri: tana shan ruwa, ta lafe a jiki, ta ƙi bushewa.

Ulun tumakin merino, waɗanda asalinsu na Sifaniya ne amma yanzu aka fi kiwonsu a Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, yana iya shanye tururin gumi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa kafin fata ta ji shi a jiƙe. Foliyesta, wato zaren roba, kuwa ko kashi 1 ba ya sha, yana dai tura ruwan waje ya bushe da wuri. Aibin ulu shi ne rauni da jinkirin bushewa, don haka ake gauraya shi da nailan ko foliyesta. Gaurayen ya bambanta ƙwarai daga wannan riga zuwa waccan, kuma rubutun kwali ba zai gaya maka yadda za ta yi a jikinka ba. Sai an gwada, kuma gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na mintunan da ka tsaya cak bayan ka yi gumi.

Fara da ɗan ƙyallen da ke wuya ko gefen riga

Lambobi uku ake nema. Na farko, yawan ulu. Kalmar merino da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba ta hana ulun ya zama kashi 20 kacal, sauran duk akirilik, wani zaren roba mai kama da ulu. A rigar ciki, kashi 80 zuwa 90 na ulu da sauran nailan yana ba da kusan duk amfanin ulu tare da ƙarin ƙarko. Wasu kamfanoni, irin su Smartwool da Icebreaker, suna naɗe ulun a kan siririn zaren nailan, ta yadda ulu ne ke taɓa fata, nailan na ciki yana riƙe da ƙarfi. Rabi ulu rabi foliyesta ya fi dacewa da mai yawan zufa. Ƙasa da kashi 40 kuwa, rigar roba ce ka saya da tsadar ulu. Idan ka ga auduga a cikin haɗin, ajiye musu abinsu.

Na biyu, kaurin yadi, wanda ake rubutawa da giram a kan murabba'in mita: 150 mara nauyi, 200 matsakaici, 250 mai kauri. Mai gudu ko mai zamiyar dogon zango a kan dusar ƙanƙara, wanda jikinsa ba ya daina aiki, 150 ya ishe shi ko da sanyi ya sauka ƙasa da sifili, in dai da rigar tare iska a sama. Mai zamiya daga kan dutse, wanda ke zaune a kujerar da ke ɗaukar mutane zuwa saman dutsen minti goma iska na dukansa tsakanin kowace saukowa, shi ne mai 200 ko 250. Kuskuren sabon shiga shi ne sayen mafi kauri don tsoron sanyi, sai ya jiƙe sharkaf tun a rubu'in awa na farko.

Na uku, kaurin silin gashin, da ake aunawa da maikiron, wato ɗaya bisa dubu na milimita. Rigar da za ta taɓa fata ana son ta tsakanin 17 da 19.5. Silin da ya kai wajen 30 ba ya lanƙwasawa idan ya taɓa fata, sokinta yake yi, kuma shi ne ƙaiƙayin da mutane suka sani a tsohuwar suwaita. Ba kowane kamfani ke rubuta wannan lambar ba.

Idan a gwanjo ka samo rigar kuma ƙyallen ya goge, zare ɗan zare daga cikin kalmasa ka kusantar da shi ga ashana. Ulu yana warin ƙonannen gashi, ya mutu da kansa, ya bar baƙar toka mai murmushewa tsakanin yatsu. Roba narkewa take ta bar ƙwallo mai tauri. Gauraye yana nuna duka biyun. Sannan ka ɗaga rigar ga haske ka nemi ƙananan hujin asu.

Gwajin ɗaki, kafin a cire takardar farashi

Yawancin shaguna ba sa karɓar rigar da aka wanke, saboda haka duk abin da ya shafi daidai da jiki a gama shi tukuna. Sa rigar a kan fata kai tsaye, ba singileti a ƙasa. Ta kwanta a jiki ba tare da ta matse ƙirji ba. Inda duk yadi ya yi aljihu bai taɓa fata ba, gumi zai gangara ne maimakon ya shiga ulu. Ɗaga hannu biyu sama: kada ƙasan rigar ya fita daga wando, kada hannun riga ya janye ya bar wuyan hannu a buɗe. Sunkuya kamar za ka ɗaura igiyar takalmi, ka shafa ƙugu ta baya. Mai keke ya yi wannan a kan kekensa, domin a nan ne gajeriyar riga ke tona asirin baya. Ɗauki jakar goyo mai nauyin kilo 5 zuwa 8 ka yi yawo a ɗaki, ka ji ko ɗinkin kafaɗa yana ƙarƙashin maɗaurin jaka. Riga mai kyau ana kawar da ɗinkin daga tsakiyar kafaɗa, kuma ana yin sa shimfiɗaɗɗe mara tudu. In da zif a wuya, ja shi har sama ka juya kai hagu da dama. In ba a rufe kan zif ɗin da ɗan yadi ba, zai goge haɓa.

Zauna da ita awa biyu. Ƙaiƙayi ya fi bayyana a wuya, cikin gwiwar hannu da gefen ciki, kuma yana ƙaruwa idan fata ta yi ɗumi da damshi, don haka hau bene ka sauka sau da yawa har jiki ya ɗan jiƙa. A ƙasashen sanyi na'urar ɗumama ɗaki tana busar da fata har ta yi fari, kuma busasshiyar fata ko siliki ka sa mata sai ta yi ƙaiƙayi. Shafa mai, jira ya shiga, sake gwadawa kafin ka ɗora wa ulu laifi.

Awo, wanki, awo

Shimfiɗa rigar a tebur ka auna wuri uku da tef ɗin tela: tsawo daga kafaɗa zuwa ƙasa, faɗi daga hammata zuwa hammata, da tsawon hannu. Ɗora ta a kan sikelin kicin ka rubuta nauyinta a bushe. Wanke ta a ruwan digiri 30, a juye, ka shanya a shimfiɗe, ka sake awo. Raguwar santimita ɗaya ko biyu a riga mai tsawon 70 ba abin damuwa ba ne. Idan ta wuce uku, ko ɗinkin gefe ya karkace ya dawo gaba, saƙar ba ta da kyau kuma abin zai ci gaba.

Gwajin bushewa ma a gida ake yi. Jiƙa rigar minti 10, matse ta a hankali ba tare da murɗawa ba, naɗe ta cikin tawul ka taka, sannan ka auna. A ce nauyinta giram 210 a bushe, yanzu ta koma 400: ruwan da ta riƙe giram 190 ke nan. Shanya ta a ɗaki nesa da na'urar ɗumi, ka riƙa aunawa duk rabin awa har ta dawo kusa da 220. In kana da riga biyu, yi musu tare a ɗaki ɗaya, domin ba a kwatanta shanyar yau da ta gobe. Yawanci foliyesta zalla ke riga kowa, gauraye ya biyo, ulu zalla a ƙarshe, amma kauri ya fi nau'in zare tasiri: siririn ulu zai iya riga foliyesta mai kauri bushewa. Wannan sakamakon ya fi shafar mai tafiyar kwanaki wanda zai kwana a tanti ya sake sa rigar da safe.

Gwajin fili

Zaɓi hanya kusa da gida wadda za ka iya komawa ɗaki cikin minti 10, ka sa busasshiyar riga da babbar jaket a jaka. Rubuta ma'aunin sanyi da ƙarfin iska na ranar. Kada gwajin farko ya kasance a rana mafi tsanani. Tsakanin digiri 5 sama da sifili da 5 ƙasa da shi ya wadatar.

Fita da ɗan jin sanyi. Idan a bakin ƙofa ka ji ɗumi daidai, kaya sun yi maka yawa. Yi minti 10 a hankali, sannan minti 30 da irin ƙarfin da za ka yi wasan na gaske, har bayanka ya jiƙe. Daga nan tsaya cak a inda iska ke bi, kada ka ƙara komai a jiki, ka duba agogo. Abin lura shi ne minti na nawa ka fara jin sanyi a tsakiyar baya da ƙirji, kuma wane iri ne. Riga mai yawan foliyesta takan kawo sanyi farat ɗaya cikin minti biyu ko uku, saboda ruwan yana tashi da sauri, amma sai ta bushe ya lafa. Mai yawan ulu sanyinta a hankali yake zuwa kuma ba ta manne wa fata, sai dai idan ta cika da ruwa ta daɗe a haka. Minti 10 ya isa. In haƙora suka fara haɗuwa ko yatsu suka kasa riƙe zif, gwaji ya ƙare, sa jaket ka koma gida. Rawar ɗari ita ce gargaɗin farko kafin zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, inda abin ke zama na asibiti.

Da shigarka gida cire rigar ka auna ta nan take. Bambancin da nauyinta na bushe shi ne gumin da ta riƙe. Juya ta ka shafa: in cikin ya fi wajen bushewa, tana aikinta. In ciki da waje duk a jiƙe suke kuma cikin jaket ɗin sama yana ɗiga, laifin na jaket ne da ba ya fitar da tururi, ba na rigar ciki ba. Wannan yana ruɗa mutane da yawa su yar da riga mai kyau. Sake gwajin da zif ɗin jaket a buɗe rabi, ka ga bambanci.

Abu ɗaya ake canzawa a kowace fita. In ka canza riga, bar jaket, hanya da lokaci yadda suke. Kowace riga ta samu fita uku aƙalla, ɗaya a rana mai iska. Wanda ya ga ko 150 tana jiƙe masa sharkaf, ya gwada rigar ulu mai saƙar raga irin wadda 'yan Norwe ke sawa, kamar ta Brynje ko Aclima. Kallonta ba daɗi, amma ramukan suna riƙe iska mai ɗumi kuma yadin da zai jiƙe kaɗan ne.

Safa

Nan ne aka fi yin ɓarna. Safar wasa ba ta zama ulu zalla, domin diddige zai huje cikin makonni. Haɗin da aka saba gani shi ne ulu kashi 50 zuwa 70, nailan 30 zuwa 45, da zaren roba mai talewa kashi 2 zuwa 5 don ta kama ƙafa. Ba a gwada safa ita kaɗai, sai da takalmin da za a yi wasan da shi, kuma da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Sa ta ka duba: kofin diddigen safa ya zauna daidai kan diddigenka. In ya hau sama zuwa agara, ta yi girma, kuma rarar za ta naɗe a cikin takalmi ta fitar da bororo. In ya zame ƙarƙashin tafin ƙafa, ta yi kaɗan, za ta matse yatsu. Juya bakin yatsun ka shafa ɗinkin. In ka ji tudu da ɗan yatsa, ƙafa za ta ji shi ninki bayan kilomita biyar. Ɗaure takalmi yadda ka saba, ka motsa yatsu biyar ɗin. Dole su motsa. Jini ne ke ɗumama ƙafa, safa riƙe ɗumin kawai take yi, don haka safa mai kauri a cikin takalmi matsattse ta fi siririya sanyi. Haɗa safa biyu masu kauri shi ne hanya mafi sauri ta daskarar da yatsu. Bayan awa ɗaya cire ta ka duba ƙwauri: ɗan shatin da ya ɓace cikin mintuna ba komai, amma zurfaffen layi ja yana nufin bakin safar yana tare jini.

Kowane wasa da irin tasa. Takalmin zamiya an ƙera shi ya kama ƙafa tsam, ana sa masa safa ɗaya siririya mai kaiwa ƙasan gwiwa, wasu da ɗan laushi a gaban ƙwauri, kuma ba a cusa dogon wandon ciki a cikinsa, domin kalmasarsa za ta danne ƙashi yini guda. Ko a naɗe shi sama ko a sayi wanda ya tsaya a sha-raɓa. Mai gudu yana son siririya ko matsakaiciya wadda ta rufe idon sawu, kada a bar fata a fili tsakanin wando da takalmi. Mai keke takalminsa ba fili, gara siririyar safa da murfin takalmi a waje. Mai hawan dutse shi ne mai matsakaicin laushi ko mai kauri, kuma in ƙafarsa mai yawan bororo ce, ya gwada siririyar safar roba a ƙasa, muddin takalmin yana da wuri.

Hanya mafi inganci ta kwatanta safa biyu ita ce sa wannan a dama, waccan a hagu, a fita ɗaya. Washegari a musanya, saboda ƙafafun mutum ba girmansu ɗaya ba kuma wata ta fi wata jin sanyi. In safa ɗaya ce ta yi nasara a ƙafa biyun, magana ta ƙare. A tafiyar, da zarar ka ji wani wuri ya fara zafi-zafi, tsaya ka duba: naɗewa ce, ɗinki ne, ko tsakuwa? Manna filasta tun kafin ya tashi. Bayan dawowa taɓa tafin ƙafa. In fatar ta yi fari ta yamutse, safar ta riƙe ruwa a jikin fata, ko takalmin ba ya numfashi. Yatsan da ya yi fari ko toka-toka, ya yi tauri, ya daina ji, sanyi ne ya fara cin sa: a ɗumama shi da ruwa mai ɗumi da gwiwar hannu za ta jure, ba a murza shi, ba a kanga shi a wuta, kuma in ji bai dawo ba a tafi asibiti. Mai ciwon suga wanda ƙafarsa ba ta ji sosai kada ya dogara da ji, ya riƙa cire takalmi yana dubawa da ido.

Idan lokacin salla ya same ka a waje ka wanke ƙafa, tsane ta sarai har tsakanin yatsu kafin ka mayar da safa. Ɗan ƙaramin tawul da safa ɗaya busasshiya a cikin leda ba su da nauyi.

Wari da ƙarko

Ulu yana kama sinadaran wari ya riƙe su a cikin silinsa har sai an wanke, foliyesta kuwa yana jan maiƙon jiki inda ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Don ka san inda gaurayenka ya tsaya, sa riga fita uku a jere ba wanki, kana shanya ta a iska tsakani. A rana ta uku, bayan ta bushe, sa ta a leda awa ɗaya sannan ka ba wani ya sansana hammatar, domin hancin mutum ya saba da nasa. Mai ulu kashi 80 takan wuce wannan cikin sauƙi; rabi da rabi takan fara magana a rana ta biyu ko ta uku.

Ƙarko sai bayan wanki wajen goma yake bayyana. Sa hannu a cikin safa ka buɗe diddige da ƙasan babban yatsa ga haske. Ulu ne ke fara cinyewa ya bar ragar nailan mai sheƙi, kuma daga nan ɗumin wurin ya tafi ko da ba huji. Yanke farce yana ƙara wa safa kwana. Kamfanin Darn Tough na jihar Bamont a Amurka yana musanya safarsa idan ta huje, abin da ya kamata a sa a lissafi in ana kwatanta farashi. A riga, duba inda maɗaurin jaka ke gogawa, gaban ciki inda kan bel ko zif ɗin wando ke cizo, da bakin hannu. Ƙananan dunƙulen gashi a wankin farko ba aibi ba ne, gajerun sili ne ke fita. Ƙananan huji a riga mai 150 ta ulu zalla kuwa kusan dole ne, kuma shi ne dalilin da ya sa a wannan kaurin gauraye ya fi.

Yawancin lalacewar da ake ɗora wa kamfani daga wanki take. Garin sabulu mai sinadarin narkar da tabon jini da ƙwai yana cin ulu, domin shi ma ulu furotin ne. A nemi sabulun ruwa na ulu. Bilic yana narkar da shi gaba ɗaya. Ruwan tausasa kaya yana lulluɓe silin ya hana shi shan gumi. Ruwan zafi da cuɗa mai ƙarfi suna sa silin ya sarƙe ya dunƙule, kuma rigar da ta tsuke ta wannan hanya ba ta dawowa. A rufe zif da maƙalen sauran kaya kafin a haɗa su a inji, ko a sa ulun a jakar raga. Ba a rataye jiƙaƙƙiyar riga ta kafaɗa, nauyin ruwa zai ja ta, kuma ba a ɗora safa a kan na'urar ɗumi mai zafi, zaren robar ne zai saki. Idan sanyi ya wuce, a wanke komai kafin a adana, saboda asu ya fi bin ulun da ke da gumi, a busar sarai, a rufe a leda ko roba mai murfi har wata shekara.